Injin ƙyanƙyasar da na saya bayan ritaya, da abin da ya yi wa ƙwan zabin matar abokina

Injin da nake magana a kai shi ne ɗan na robar nan mai cin ƙwai 64, mai murfi garai-garai, wanda ke aiki da wutar gari da kuma batir. Duk mai bin masu tallan kayan kiwo a Facebook ya san shi, ya kuma san nawa suke sa masa yanzu, don haka ba zan tsaya kan kuɗi ba. Tsofaffin abokan aikina sun dame ni da tambaya ko su saya, shi ya sa na ga gara in zayyana komai a wuri guda.

Na shiga soja ta Defot ɗin Zariya a 1987, na je Laberiya da ECOMOG, rundunar wanzar da zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, na je Saliyo, na cika shekara 35 na ajiye kaki. Kafin a sallame mu an kai mu cibiyar koya wa sojoji sana'a da ke Oshodi a Legas, wata shida, ni kuwa na zaɓi kiwon kaji. An koya mana haɗa abinci da rigakafi da lissafin riba. Abu ɗaya da babu wanda ya koya mana shi ne yadda mutum zai yi da safiyarsa. Jikin da ya saba tashi ƙarfe huɗu ba ya daina tashi don an miƙa masa takardar sallama. Ka dawo daga masallaci gari bai waye ba, babu fareti, babu yaran da za ka duba takalmansu, sai ka zauna kan tabarma tunani ya yi ta zuwa maka da fuskokin da ka baro a wurare masu nisa. Na ga mutanenmu da yawa da zaman nan ya cinye cikin 'yan shekaru, mutanen da suka fita daga daji da ƙafafunsu. Kaji su suka fitar da ni daga wannan zaman, don kaza ba ta san ka yi ritaya ba, ruwanta da dusarta take so a kan lokaci.

Dalilin sayen injin kuwa, 'yan tsakin da ake kawo mana daga Ibadan kafin su iso Zariya sun galabaita a mota, sai ka biya kuɗi ka yi ta binne su a makon farko. Na ce bari in riƙa ƙyanƙyashe na kajin Hausa da kaina. Yaron da ya sayar mini ya iya baki. Ya ce, "Baba, wannan ba ya buƙatar mai gadi. Ka zuba ƙwai, ka zuba ruwa, ka je ka yi barcinka." Ya ce garanti shekara guda. Ya kuma ba ni shawara in bar shi kan batir da sola dare da rana, kada in haɗa shi da wutar gari saboda hawa da saukarta. Haka na yi.

Zubin farko, wallahi na ji daɗin da na daɗe ban ji ba. Bayan mako guda na kashe fitila na haska ƙwan da tocila ɗaya bayan ɗaya, sai ga jijiyoyi ja sun bazu a ciki, ga ɗan ɗigo baƙi yana motsi. Na ware baragurbin, na bar masu rai. Rana ta 18 na cire sandunan da ke juya ƙwan, na ƙara ruwa don danshi ya hau, kamar yadda aka koya mana. Rana ta 21 tun kafin asuba na ji kuka daga cikin kwanson. Jikokina suka kwana a bakin ƙofar ɗakin, maiɗakina da ta ce ɓarnar kuɗin garatuti ce ita ta fara kiran maƙwabta su zo su gani. Na sayi littafi mai bango mai kauri ina rubuta zafi da danshi safe da rana da dare, yadda muke cika littafin gadi a bariki, kuma wannan ɗan rubutun ya zame mini abin da nake ɗokin yi. Har barcina ya gyaru. Da a lokacin aka ce in yi sharhi, da na ce kowa ya ruga ya saya.

To, akwai matar wani marigayi abokina. Kamfani ɗaya muka yi da shi a Laberiya, shi ya riga ni ritaya, bai daɗe ba Allah ya yi masa rasuwa ya bar ta da yara. Tana wani ƙauye a hanyar Giwa tana kiwon zabi, da su take biyan kuɗin makaranta. Wanda ya san zabi ya san da damina suke ƙwai, kuma zabuwa ba ta iya reno ba, shi ya sa ake sa wa kaza ƙwan ta kwanta a kai. Kaza ɗaya kuma ba ta rufe da yawa, ga shi ƙwan zabo sai ya yi kwana 26 zuwa 28, ya fi na kaza da mako guda. Da na je gaishe ta na ba ta labarin injin. Ta ce, "Yaya Samanja, in zai ɗauki nawa ai ka rufa mini asiri." Ta tara na zabinta, ta ɗauki kuɗin adashenta ta sayi ƙari wurin maƙwabta don a cika injin da sabon ƙwai, tunda ƙwan da ya wuce mako guda a ajiye ƙarfinsa raguwa yake yi. Da hannunta ta jera su cikin ƙwarya da ƙaiƙayi, ta hau mota ta kawo mini har gida.

Na haska su, mafi yawa sun kama. Na kira ta na yi mata albishir. Littafina yana nan, kowace rana zafi tsakanin digiri 37.5 da 37.8, babu ranar da ya kauce.

Saura 'yan kwanaki su fashe aka kira ni cewa wani daga cikinmu ya rasu a Kano. Irin wannan tafiyar yanzu ita ta fi yawa a rayuwarmu, kuma ba a barin ta. Na duba batir cike yake, na zuba ruwa, na nuna wa maiɗakina lambobin da za ta riƙa dubawa, na tafi da niyyar in kwana ɗaya. A daren aka kwana ana ruwa irin na watan Agusta. Da ta tashi sallar asuba ta leƙa ɗakin, sai ta ga allon yana nuna 43. Ta taɓa murfin ta ji zafi kamar murfin tukunya. Ƙararrawar da aka ce tana gargaɗi tana ta yi, amma ƙararta ba ta wuce bakin ƙofa ko babu ruwa, balle ruwa na dukan kwano. Ta cire wayar batir, ta buɗe murfin, ta kira ni muryarta na rawa.

Ƙwai da ke da rai a ciki yana iya jure sanyi na 'yan sa'o'i, ya yi jinkiri ya fito. Zafin da ya haura digiri 40 kuwa ba ya barin komai in ya daɗe. Duk da haka na mayar da su, na zauna a gaban injin ina kunnawa ina kashewa da hannu, na jira har kwanakin suka cika suka wuce. Ko ɗaya bai huda ba. Da na fasa su a bayan gida, kowanne da ɗan zabonsa cikakke, da gashinsa da zanen kansa da ƙafafunsa, ya naɗe ya mutu. Na ga abubuwa a rayuwata waɗanda ba na faɗa wa iyalina, amma ranar nan sai da na zauna a ƙasa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne tafiyar da zan yi zuwa Giwa da ƙwarya babu komai.

Na je na faɗa mata da bakina. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Yaya, Allah bai nufa ba, kada ka sa a ranka." Na miƙa mata kuɗin ƙwan ta ƙi karɓa, sai da na bi ta hannun babban ɗanta. Kuma ko da ta karɓa, kuɗin ƙwai daban, zabin da za ta sayar da Kirsimeti da kuɗi mai kauri daban. Damina ta kusa ƙarewa, zabi sun rage ƙwai, shekarar ta tafi ke nan.

Sai mai sayarwa. Na kira shi cikin natsuwa, na ce, "Ɗana, ga abin da injinka ya yi." Kafin in rufe baki ya ce wutar gidanmu ce ta ƙona shi. Na ce injin bai taɓa ganin wutar gari ba, kai ka ce in bar shi kan batir. Ya ce to batir ɗin ne. Na ce batir ɗin wurinka na saya. Ya ce in turo bidiyo, na tura, na haɗa masa da hoton shafukan littafina tun daga ranar farko. Ya ce in sa injin a mota zuwa Legas da kuɗina, kamfani zai duba, in sun ga laifinsu ne za su gyara, ni kuma in biya kuɗin dawowa. Maganar ƙwai kuwa ya ce garanti bai shafi abin da ke ciki ba. Daga nan "Baba, ranka ya daɗe" ya ƙare, waya ta riƙa shiga ba a ɗauka. Wannan ya fi injin ɓata mini rai. A inda na fito, in ka ce wa mutum je ka kwanta ina gadi, ka ɗauki ransa a wuyanka ke nan. Yaron nan ya faɗi kalmar don ya sayar da kaya, ko a jikinsa.

Wani mai gyaran rediyo a unguwarmu shi ya buɗe mini shi. Ya nuna mini wani ɗan makunni baƙi a jikin allon, wanda ke kunna hita ya kashe ta in zafi ya kai. Bakinsa ya narke ya manne, don haka hita ta yi ta aiki ba tsayawa. Ya ce irin wannan makunnin a injin ƙyanƙyasa yana kunnawa da kashewa ba adadi a rana, dole a sa mai ƙarfi, su kuma suka sa mafi araha. Abin da ya fi ba shi mamaki, babu wani abu na biyu da zai yanke wuta in na farko ya gaza. Ya ce ko dutsen guga yana da shi. Ya canja makunnin, ya ƙara mini mai yanke wutar, ya sa ƙararrawa mai ƙarfi da ake ji har tsakar gida. Duk abin da na biya shi bai kai kuɗin kaza biyu ba. Wato saboda ɗan wannan canjin aka ƙone wa uwar marayu daminarta.

Tun bayan gyaran yana aiki, gaskiya ce wannan kuma zan faɗe ta. Na sake zuba na kajina sun fito lafiya, na ɗiga musu rigakafin cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, ga su nan suna kiwo. Sandunan juyawa ba su taɓa tsayawa ba, ba ya cin batir sosai. Har na fara cewa a raina wataƙila nawa ne aka yi rashin sa'a, in rage zafin magana.

Amma da na koma littafin sai sauran abubuwan suka dawo mini. Tun makon farko na sa ma'aunin zafi na asibiti a ciki na ga yana saɓa wa allon da kusan rabin digiri, sai da na gyara lambar da kaina, kuma rabin digiri a ƙyanƙyasa ba wasa ba ne. Da hunturu ya shigo, ɗan faifan ruwan da suka sa ba ya kai ko'ina, iskar ta bushe ƙarau, danshin da ake so ya kai kashi 65 zuwa 70 a kwanakin ƙarshe sai ka ga ya kasa, sai na riƙa cusa soso jiƙaƙƙe, in ba haka ba fatar cikin ƙwan ta bushe ta manne wa ɗan tsako ya kasa fita. Da bazara kuma wata sabuwa, don injin ɗumamawa kawai ya sani, bai san sanyayawa ba. A watan Afrilu ɗakin kwano da rana yana wuce zafin da ƙwan yake so, hita a kashe amma lamba tana hawa, sai na mayar da shi ɗakin ƙasa na tsohon gida ina yayyafa ruwa a daɓe. Ko ɗaya daga cikin waɗannan babu a 'yar takardar da ke cikin kwalin, mai sayarwa ma bai faɗa ba, alhali ya san arewa zai aiko da shi. To wane irin inji ne ba ya buƙatar mai gadi? Ni da ba ni da wurin zuwa na iya gadinsa. Ma'aikacin da zai fita tun safe, ko mace mai hidimar gida da ta ci bashi ta saya, asara za su yi.

Don haka ban yafe masa ba, kuma ba zan ce wa kowa ya saya yadda yake fitowa daga kwali ba. Bana na saya wa matar abokina kaji masu kwanci, ƙwan zabinta a ƙarƙashinsu zai kwana, injin kuma nawa kawai zan riƙa zuba masa, in an yi asara ta tsaya a kaina.

A taronmu na 'yan mazan jiya na 15 ga Janairu na ba da labarin nan, wasu suka fasa. Ɗaya ya riga ya biya kuɗi wurin wani mai sayarwar daban. Da nasa ya iso na ce kada ya sa ko ƙwai ɗaya, muka ɗauke shi a babur zuwa wurin mai gyaran rediyon. Ya buɗe, makunnin iri ɗaya ne da nawa, mai yanke wuta kuma babu.