Wace sanitaiza ta dace da gidan da ke da yara?

Tun lokacin korona sanitaiza ta zama 'yar gida. Tana cikin jakar uwargida, tana mota, tana kan teburin falo daidai inda hannun ɗan shekara biyu ke kaiwa. Shi ya sa in na shiga kemis, abin da nake fara tambayar kaina shi ne: idan yaro ya kurɓi wannan fa?

Sanitaiza ba ta aiki sosai sai barasar cikinta ta kai kashi 60 cikin 100. Haɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar ma kashi 80 ne na etanol, wato irin barasar da ke cikin giya, alhali giyar kwalba kusan kashi 5 ce. Kurɓa kaɗan na iya bugar da yaro, sukarin jininsa ya faɗi, barci mai nauyi ya kwashe shi, numfashinsa ya yi rauni.

Tsakanin mai kauri da mai ruwa-ruwa, ni mai kauri nake ɗauka, musamman mai kan famfo, don ɗis-ɗis take fitowa. Mai ruwa kuwa, da murfi ya buɗe sai a kwankwaɗe ta kamar ruwan leda. Ta feshi ga ido take kai hari. Mai ƙamshin lemo ko alewa, ja kamar zoɓo, a bar wa mai shago kayansa.

Wadda nake gudu ƙwarai ita ce wadda ake ɗurawa a tsohuwar gorar ruwa, ba suna, ba lambar NAFDAC. Araha gare ta, amma ta yi kama da abin sha, kuma wa ya san abin da aka zuba? Mai son riba yana iya sa metanol, gubar da ke makantarwa, har ta kashe. A watannin Mayu da Yunin 2020, a jihohin Arizona da New Mexico na Amurka, mutum 15 suka kwanta asibiti bayan sun sha sanitaiza mai metanol; 4 suka rasu, 3 suka fito da matsalar gani. A shekarar ce hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna a Amurka ta gano metanol a wasu kwalaben sanitaizar da aka yi a Meziko da aka rubuta etanol a jikinsu. Ke nan rubutu kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da kemis ɗin da aka yarda da shi.

Akwai marar barasa, amma ba ta kai mai barasa ƙarfi ba. A cikin gida dai, inda buta take kusa, sabulu da ruwa na daƙiƙa 20 sun fi su duka. Sanitaiza ta hanya ce.

In tsautsayi ya faɗa yaro ya sha, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro, kada a ɗura masa manja. A kai shi asibiti tare da kwalbar ko da yana wasansa, don metanol kan yi awanni kafin ya nuna kansa.