Mai sayar da tikiti ta ƙi karɓar kuɗina a Interlaken

Duk ranar Asabar 'yan Suwizalan ne ke cika manyan kantunan garuruwanmu na bakin iyaka a nan kudancin Jamus, suna lodin nama da sabulu da man girki a but ɗin mota, saboda a ƙasarsu kayan sun fi ƙarfin aljihu. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai hankali ya zauna inda yake. Amma uwargida ta kafe sai ta taka ƙanƙarar da ba ta narkewa ko a tsakiyar lokacin zafi, ni kuma na gaji da cewa "sai an yi albashi". Muka hau jirgin ƙasa ta Basel da Bern, muka sauka a Interlaken, garin da kusan duk mai zuwa ganin tsaunin Jungfrau yake fara yada zango.

Da sassafe na tsaya gaban kanta a tashar Interlaken Ost na ce a ba ni tikiti biyu zuwa Jungfraujoch, tashar jirgin da ke can saman tsaunukan, zuwa da dawowa. Na mutum ɗaya ya haura faran 200, kuɗin Suwizalan. Kar wanda ya tambaye ni nawa ne a naira, na daina wannan lissafin saboda hawan jini. Na riga na zaro kati. Matar da ke bayan gilashin, wata dattijuwa mai tabarau rataye a wuya, ko kallon katin ba ta yi ba. Ta tambaye ni yau za mu bar gari ko muna nan har gobe. Na ce muna nan. Sai ta juyo allon kwamfutarta ya fuskance ni. Fari fat, babu komai a ciki. Ta ce ba lalacewa ya yi ba, kyamara ce da ke can ƙololuwar dutsen, abin da take gani ke nan a wannan mintin. "In kun hau yau, wannan za ku gani. Gobe da safe ana sa ran gari zai washe. In ka ce in sayar maka zan sayar, amma da ni ce da na jira."

Uwargida ta ja min hannun riga ta ce da Hausa, "Malam, anya babu lauje cikin naɗi? Ko dai ta ga ba mu yi kama da masu kuɗin ba ne?" Duk baƙar fatar da ya zauna a Turai ya san kallon da take nufi, mun sha shi a banki da wajen neman gidan haya. Muka koma gefe muna shawara. Wasu matasa 'yan Koriya suka zo, ta juya musu allon nan, ta maimaita musu abin da ta faɗa mana. Su dai suka saya, don washegari za su tashi. Mu ta ɗauko ƙaramar takarda ta rubuta mana lokacin jirgin safiyar gobe da inda za mu canza, ta ce kafin mu fito daga otal mu duba kyamarar a waya.

Wallahi abin nan ya hana ni sakat duk yinin. Sama da faran 400 na miƙa da hannuna, ba wanda ya tilasta ni, aka ce in mayar aljihu. A gida wa zai yi maka haka? Ka je sayen batirin waya, yaron shago ya san sarai jabu ne, ya dafa ƙirji ya rantse maka orijina ne. Tela ya karɓi ɗinkin Sallah ana saura kwana uku, tulin shadda a bayansa ya kusa taɓa silin, ya dubi tsabar idonka ya ce gobe bayan la'asar. Dillalin fili da rani yake kai ka, ba zai taɓa cewa ka dawo a watan Agusta ka ga inda ruwa ke kwanciya ba. Kuma mu ne tun muna Islamiyya aka karantar da mu cewa haramun ne ɓoye aibin haja. Mun haddace, muna ma iya kawo hadisin, sai dai ba ya bin mu kasuwa.

Ban ce waliyyiya ba ce. Ma'aikaciyar albashi ce, ta sayar ko ba ta sayar ba tukunyarta za ta hau wuta, yaron shagonmu kuwa in bai yi ciniki ba ba shi da na abincin rana. Kamfanin jirgin ma ba sadaka ya fito yi ba. A shekarar 2019 sama da mutum miliyan ɗaya suka hau wurin nan, kuma sun san wanda ya biya wannan kuɗi ya ga hazo zai koma ƙasarsu ya hana mutum goma zuwa. Lissafi ne. To amma manyan 'yan kasuwarmu da suka wuce matsalar abincin rana fa, me ya hana su wannan lissafin? Su ma burinsu su cinye ka yau, gobe Allah ya kawo wani.

Da yake hawa ta fasa, muka yini a cikin gari. Interlaken ƙaramin gari ne, mazaunansa ba su kai dubu goma ba, yana kwance tsakanin tafkin Thun da tafkin Brienz, kogin Aare ya ratsa ya haɗa su. A tsakiyarsa akwai wani makeken fili mai ciyawa, Höhematte, kimanin hekta 14, babu gini ko ɗaya a kai. Tun a shekarun 1860 masu otal-otal da wasu 'yan gari suka haɗa kuɗi suka saye shi, don kawai kada wani ya yi gini ya tare wa baƙi ganin Jungfrau. Yanzu masu saukowa da laima daga kan dutse a nan suke dira, ɗaya bayan ɗaya. Na zauna a benci ina tunanin filayen Idi da filayen ƙwallo na makarantunmu, har da katangar maƙabarta, yadda aka yanka su shago-shago. Da a wurinmu filin nan yake, da tuni ya zama filaza mai hawa uku, da janareta a ƙofar kowane shago.

Larabawan Gulf sun cika garin, iyali-iyali, mata da abaya, yara da askirim. Gidajen abinci sun liƙa "halal" da Larabci a ƙofa. Ƙasar nan fa ita ce ta yi ƙuri'ar hana gina hasumiyar masallaci a 2009, amma kuɗin Balarabe ba shi da hasumiya, kowa maraba yake da shi. Indiyawa ma ba a magana. A lambun Kursaal, babban zauren taron garin, akwai mutum-mutumin Yash Chopra, mai shirya fina-finan Indiya, riƙe da kyamara, an kafa shi a 2016, saboda fina-finansa ne suka tallata tsaunukan nan a Indiya. Duk wanda ya taso yana kallon Indiya a Kano ya san koren tudun nan da jaruma ke rawa a kai da sari ɗan yaloluwa, ƙanƙara a bayanta. Ashe nan ne. Uwargida ta fi murna da wannan gunkin fiye da tafkunan biyu.

Sai kuma tsada, wadda ba ta da kunya ko kaɗan. Mun zauna cin abinci, ƙaramar kwalbar ruwa faran 5, alhali a waje ga famfunan kan titi suna zubo ruwan sha mai sanyi kyauta dare da rana. Abincinsu na alfahari cuku ne narkakke a tukunya ana tsoma burodi, kuma da farar giya ake dama shi, don haka mun yafe. Saura soyayyen dankalin da suke kira rösti, wanda ba ya da laifi, sai dai ba miya, ba yaji, ba mai tambayarka ko a ƙara. Bayin tasha sai ka biya ƙofa take buɗewa, ka shiga ka tarar da shi fes kamar ɗakin tiyata, amma babu buta, babu famfo a kusa, sai takarda. Gorar ruwa ba ta rabuwa da jakata saboda wannan. A otal kuwa mun iso da hantsi aka ce ɗaki sai ƙarfe uku, ko da a share yake. Ba mai ɗaukar maka jaka. A rasit aka ƙara harajin baƙunta na kowane kai kowane dare, na fara ɓata rai, sai aka miƙo mana katin da ke ba mu shiga bas ɗin gari kyauta. Har a harajin ma sai ka ga abin da ka saya.

Washegari na duba waya tun kafin sallar asuba ta wuce, sama tas. Muka bi takardar dattijuwar nan layi-layi. Jirgi zuwa Grindelwald, daga nan jirgin igiya da suka buɗe a ƙarshen 2020, wanda ke ɗaga ka cikin minti 15 ta gaban baƙin bangon dutsen Eiger, sannan jirgin ƙasa mai haƙora a tsakiyar dogo, da ke kutsawa cikin ramin da aka fafe a cikin duwatsun Eiger da Mönch, wajen kilomita bakwai. Kowane canji ka sauko ka tarar da na gaba yana jira, lokacin da aka rubuta shi ne lokacin da ƙofa ke rufewa. Tashar ƙarshe tana kan mita 3,454, babu tashar jirgin ƙasa da ta kai ta tsawo a duk Turai.

Wani attajirin masaƙa, Adolf Guyer-Zeller, shi ya ƙirƙiro aikin. An fara a 1896, shi ya rasu a 1899 bai ga ƙarshensa ba, aka gama a 1912. Yawancin masu fasa dutsen leburori ne daga Italiya, kuma wasunsu a cikin ramin suka bar duniya. Shekarar 1912 ɗin ce ta tsaya min a rai. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Wato dogonmu da nasu sa'annin juna ne, namu ma ya ɗan girme shi, kuma namu a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa yake, ba dutse ba ƙanƙara. Nasu bai daina hawa ba. Namu ku da kuke gida kun fi ni sanin halin da tsohon layin yake ciki, da abin da ake shanyawa a kansa.

A sama iska ba ta isar mutum. Na taka matakala kaɗan na ji kaina yana juyawa, sai da na dafa bango. Muka hau lifta zuwa barandar kallo da ake kira Sphinx, ga Aletsch a ƙasa, daskararren kogin ƙanƙara mafi tsawo a tsaunukan Alps, wajen kilomita 20, ya miƙe fari har inda ido ya gaza, kuma kowace shekara raguwa yake. Tasbihi kawai mutum zai yi. Uwargida ta cire safar hannu ta damƙi ƙanƙarar, ta yi ƙara ta watsar. Amma kar ku zaci wurin shiru ne na tadabburi. Kasuwa ce. Kantin agogo, kantin cakulan, layin masu jiran ɗaukar hoto da tutar Suwizalan ana ture-ture, ga taliyar kofi ana sayar wa 'yan Koriya a farashin da zai ciyar da gida guda a Zariya. Duk hanyar da za ta fitar da kai sai ta bi da kai ta cikin shago.

Da za mu sauko muka bi tsohuwar hanya ta Kleine Scheidegg zuwa Wengen, ƙauyen da baƙo ba ya shiga da motarsa. Muka ɗan taka da ƙafa. Shanu ko'ina a kan gangare, kowace da ƙararrawa a wuya, ba makiyayi ba sanda. Da zafi ake hawo da su, a watan Satumba a sauko da su an yi musu ado da furanni, kuma ɗaruruwan shekaru ke nan a rubuce yake shanu nawa kowane gida zai kai kowace makiyaya. A ƙofar wata bukkar katako muka ga firiji a waje, cike da cuku da man shanu, farashi a jikin kowane ƙulli, ga ɗan akwatin kuɗi a gefe. Ba kowa. Muka yi sallama har sau nawa, ba amsa. Muka ɗauki ɗaya muka jefa kuɗin. Cukun yana da wari, bai kama ƙafar na Agadas da shayi ba a bakina, amma na cinye.

Sai dai duk yawon nan ba wanda ya ce mana sannu da hanya da gaske. Gaisuwa kalma ɗaya ce a wuce. A cikin jirgi wani dattijo ya buɗe burodinsa da cuku gab da gwiwata ya cinye tas bai ce bismillah ba. Na tuna motar Jos da ake miƙa maka gyaɗa da rake daga kujerar baya, kafin a kai Saminaka an san sunan kakanka da abin da ya kawo ka. Ranar na yi kewar gida sosai, a tsakiyar wurin da ya fi ko'ina kyau da na taɓa gani.

Mu ma fa muna da tudu. Mambila tana nan a Taraba da sanyinta da shanunta da gonakin shayi, ga Chappal Waddi mai mita 2,419, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Najeriya. Da muka dawo na kira wani abokina da ke aiki a Jalingo, na ce in na zo hutu ina so in kai iyali Gembu, a saman Mambila. Ya yi murna ƙwarai, ya ce masauki da abinci duk a wuyansa, kar ma in soma maganar otal, akwai ɗan uwan matarsa a can da zai yanka mana kaza. Na ce madalla, to motar Gembu ƙarfe nawa take tashi, in tsara tafiyar. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Kai Bature, sai ta cika mana."