Tsakanin zoben karat 1 da na 0.70: ɗauki ƙaramin

'Yar uwa, cikin zobban daimon biyun nan da aka turo miki hotunansu daga Dubai, ɗauki ƙaramin, mai karat 0.70, kalarsa G, tsabtarsa VS2, da takardar shaida ta GIA, cibiyar da ke tantance daimon. Babban mai karat 1, wanda aka ce miki kalarsa K ce, tsabtarsa SI2, kuma babu wata shaida sai rasit ɗin shago, bar musu kayansu.

Irin ƙaramin ne a yatsana yanzu haka. Maigidana ya sayo min shi a kasuwar gwal ta Deira da ke Dubai shekarar da na haifi 'yata ta biyu, kuma ranar da ya miƙo min sai da raina ya ɗan sosu, don ni babban dutse na ci buri. Bayan sati biyu na sa shi zuwa wani biki. Ana zaune a tsakar gida gab da magariba, ko fitila ba a kunna ba, sai gwaggona ta yafito ni daga can ƙarshen tabarma tana tambayar me ke walƙiya haka a hannuna. Har yau ruwan ɗumi da sabulu da ɗan buroshi mai laushi kawai nake sa masa, ya dawo kamar ranar da aka sayo shi.

Yanka ne ya ba shi wannan hasken. Abu huɗu ake dubawa a daimon: nauyi, kala, tsabta da yanka, kuma cibiyar GIA ta Amurka, wadda aka kafa a 1931, ita ta tsara ma'aunin da kasuwa ke bi. Kala da tsabta da su dutsen ya fito daga ƙasa, amma yanka aikin hannun ɗan'adam ne. Dutse mai zagaye fuska 57 ko 58 ake fitar masa, domin haske ya shiga ta sama, ya bugi fuskokin ƙasa, ya dawo idon mai kallo. To farashi tsalle yake yi da zarar dutse ya cika karat 1, shi ya sa wasu masu yanka ke barin gindin ya yi zurfi don nauyin ya kai. Sai hasken ya zurare ta ƙasa, tsakiyar dutsen ta yi duhu, nauyin da kika biya kuwa yana can ɓoye cikin mazaunin zobe inda ba mai gani. Matakin yanka biyar ne a takardar GIA, na sama shi ne Excellent, kuma shi aka rubuta wa ƙaramin naki.

Bambancin girman ma bai kai yadda kike zato ba. Karat ɗaya na daimon kashi ɗaya ne cikin biyar na giram. Kada ki haɗa shi da karat 18, 21 ko 22 da muka saba ji a gwal, wancan tsarkin zinare yake aunawa. Mai karat 1 da aka yanka daidai faɗinsa kusan milimita 6.5 ne, mai 0.70 kuma kusan 5.7. Ko milimita ɗaya ba a kai ba.

Kala daga D take farawa ta ƙare a Z. G ɗin ƙaramin fari ne tas a ido, daga K kuwa rawaya ta fara leƙowa, musamman a kan farin gwal. Tsabta mataki 11 ce, da madubi mai ninka girma sau 10 ake duba ta. Tabon VS2 da wuya ido ya gan shi, na SI2 kuwa sau da yawa sai ki hango ɗan ɗigo idan kin ƙura masa ido. Kada a zuga ki ki ƙara kuɗi don VVS, matakin tsabtar da ke sama da VS, abin da sai da madubi ake bambancewa ba shi za ki sa wa dukiyarki ba.

Babban dai zai fi cika yatsa a hoto, kuma a kan gwal mai rawaya kalarsa za ta ɗan ɓuya. Iyakar alherin da zan faɗa a kansa ke nan. Na taɓa sayen irinsa da kuɗina, a shago yana ƙyalli, na zo gida ya koma kamar gilashi.

Ba ki tambaya ba, amma sai na faɗa miki, don abin yana min ciwo. Wa ya ce babban K ne da SI2? Bakin mai sayarwa ne kawai. Fitilun shagunan nan an tsara su ne don kowane dutse ya yi ƙyalli, sai ki ce a fito miki da shi hasken rana. Akwai masu ɗora abin gwaji mai kama da biro a kan dutse, ya yi ƙara, su ce kin gani na gaske ne. Dutsen moissanite, mai kama da daimon amma ba shi ba ne, shi ma yakan tsallake wannan gwajin, haka daimon da ake haɗawa a masana'anta. Shi wannan na masana'anta ba jabu ba ne, sinadarinsu ɗaya da na ƙasa, sai dai kuɗinsa ƙasa yake sosai, kuma zalunci ne a sayar miki da shi a farashin na ƙasa. Takarda ma ana buga ta bogi, ko a haɗa ta gaske da wani dutsen daban.

In kuma ajiya kike nufi, ta ranar buƙata, sayi gwal, don shi da giram ake karɓarsa a ko'ina. Daimon in kin tashi sayarwa da wuya ki mayar da kuɗinki.

Kafin ki tura ko sisi, a turo miki lambar takardar ƙaramin, ki shigar da ita a shafin GIA ki ga ko nauyi da kala da tsabta sun yi daidai. Wanda zai karɓo miki kuma ya sa a nuna masa lambar da aka zana a gefen dutsen ta cikin madubi, sannan a rubuta ta a rasit tare da cewa daimon na ƙasa ne.