Rumfar duriyan da nake kai baƙina a Petaling Jaya

Duk Bahaushen da ya zauna a Malesiya yana da labarin duriyan, kuma yawanci labarin ba mai daɗi ba ne. Idan ka bi diddigi za ka tarar a babban kanti ya saye shi, wanda aka ɓare tun safe aka naɗe da leda a farantin roba, ya kai gida ya buɗe, ɗaki ya ɗauka, ya lasa sau ɗaya ya rantse ba shi ba ƙari. Ni kuwa ra'ayina wanda ya ci wannan bai ci duriyan ba tukuna. Abin na rumfa ne, a fasa a gabanka ka ci nan take, kuma a hannun wanda ya san baƙo. Rumfar da ta cika wannan sharaɗi a wurina tana unguwar SS2 a Petaling Jaya, kusa da Kuala Lumpur, inda masu duriyan suka yi dandazo. Ba zan kama sunanta ba tunda akwai ƙorafin da zan yi a ƙasa, amma wani dattijo ɗan asalin Sin ne yake tsaye a kan sikelinta, kowa Ankul yake ce masa.

Ga wanda bai taɓa gani ba: ɗan itace ne da girmansa ya kai kan mutum ko ya ɗan gaza, ɓawonsa kore mai kauri, duk jikinsa ƙaya masu tsini da za su huda tafin hannu idan aka yi masa riƙon wasa. Cikinsa ɗakuna ne, galibi biyar, kowane ɗaki da curin tsoka mai laushi lulluɓe da ƙwallo. Warinsa ne ya yi masa suna. Otal-otal da yawa a yankin sun manna hotonsa a bakin ƙofa da jan layi a kai, a Singafo an hana shiga jirgin ƙasa na cikin gari da shi, a 2018 kuma sai da aka kwashe ɗaruruwan mutane daga wani ɗakin karatu na jami'a a Melbourne ta Ostareliya saboda an zaci iskar gas ke yoyo, ashe ruɓaɓɓen duriyan ne wani ya bari a kabad. Masana a Singafo da suka bincika ƙwayoyin halittarsa a 2017 sun nuna itacen yana da ninkin abin da ke sarrafa sinadaran farar wuta masu tashi a iska, dangin waɗanda ke cikin albasa da tafarnuwa. Wato hancinka bai yi maka ƙarya ba.

Rumfar ba wani ƙawa gare ta ba. Rufin kwano, dogayen tebura, kujerun roba, fanka tana kaɗa zafi daga nan zuwa can. An jera 'ya'yan a kan katako hawa-hawa, kowane iri da kwalinsa na farashi. A kan kowane tebur akwai safar hannu ta leda, da takardar goge hannu, da kwandon zuba ƙwallo a ƙasa. Tun daga inda za ka ajiye mota warin zai tarye ka.

Abin da ya sa nake komawa shi ne Ankul ba ya tura wa baƙo mai tsada. Tambayarsa ta farko ita ce ko ka taɓa ci, ta biyu kuma zaƙi kake so ko ɗaci. Idan ya ji sabon shiga ne sai ya kauce wa Musang King, wanda shi ne kowa ya ji sunansa, ya ɗauko D24 ko Udang Merah na Penang mai launi ja-ja, wanda zaƙinsa ya fi fitowa. Kallon yadda yake zaɓe ma wani abu ne. Zai ɗaga da hannun da ke cikin safa mai kauri, ya duba hancin itacen ko ɗanye ne, ya ƙwanƙwasa da ƙotar wuƙa yana kasa kunne, ya jijjiga kusa da kumatu, sannan ya kai hanci daidai tsagin ɓawon. Wani ya mayar, wani ya ɗora a sikeli. Sikelin yana fuskantar mai saye, kuma sai ya faɗi kuɗin ka amsa kafin wuƙa ta shiga. Daga gindi yake soka ta, ya murɗa kaɗan, ɓawon ya dare a kan layinsa, ya miƙo maka ka lakata. In ka ce ya yi ruwa, ko da sauran tauri, ko aka ga tsutsa a wani ɗaki, sai ya ture gefe ya ɗauko wani ba tare da ɓacin rai ba. Na ga ya yi wa Bature haka, ya yi wa 'yan ƙasa, ya yi mini. A wasu rumfunan da zarar an fasa ya zama naka, ko me ka tarar a ciki.

Gwajin da ya fi kowanne shi ne lokacin da Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, ta zo daga Zariya bikin kammala karatun maigidana. Mace ce da ba ta cin abin da ba ta san asalinsa ba, tun da ta sauka ma shinkafar da na dafa da hannuna kawai take yarda da ita. Muna fitowa daga mota ta ja mayafi ta toshe hanci.

"Ke 'yar nan, masai ne ya fashe a unguwar?"

"A'a Gwaggo, abin da muka zo ci ne."

"Muka zo ci, ni da wa?"

Abban Walid, maigidan nawa, ya yi ta lallashi, yana cewa ɗan itace ne kamar kowane, ba yanka ba ne balle a yi shakka. Ta zauna a bakin kujera kamar mai jiran a sallame ta. Ankul ya dube ta, ya bar abin da yake yi, ya zaɓo Udang Merah ƙarami, ya ciro curi ɗaya ya ɗora mata a kan ɓawo. Ta yi bisimilla da ƙarfi, ta ɗan tsakura da yatsa biyu. Shiru. Ta sake tsakura. Sai ta saki mayafin ta ce, "Wannan ai kindirmo ne aka dama da zuma, wani mugu ya zo ya zuba soyayyar albasa a kai." Har yau ban ji wanda ya kwatanta shi daidai haka ba. Ta cinye curin, ta ce a ƙara mata rabin wani, ta kuma gargaɗe ni kada in ba da labari a gida.

Musang King sai baki ya saba. Tsokarsa ruwan ɗorawa ce mai duhu, ba ruwa-ruwa, tana kama harshe da maiƙo, zaƙin ya fara zuwa sannan wani ɗan ɗaci ya biyo baya ya tsaya a maƙogwaro. Wannan ɗacin shi masana abin suke biya da tsada. Ƙwallonsa sau da yawa a shafe yake, don haka tsokar ta fi yawa. Ankul ya nuna mini alamar da ake gane shi, wata tauraruwa mai yatsu biyar a gindin ɓawon, saboda akwai masu sayar wa baƙi wani iri da sunansa. Lambarsa a rajistar hukumar gona D197, kuma mafi shahara daga Raub ta jihar Pahang ake kawo shi. Akwai wanda ya fi shi tsada a rumfar, Black Thorn na Penang. Na ɗanɗana, yana da daɗi, amma ban ga abin da ya kai ƙarin kuɗin ba. Akwai kuma wanda ake kira XO, mai ɗan yaji-yaji kamar abin da ya fara tsami. Sunan, da yake irin na wata giya ne, ya sa na tsaya tambaya. Ba a zuba masa komai, a cikin ɓawonsa yake yin haka, sai dai ni bai kwanta mini ba.

Abin da ya raba na Malesiya da na Tailan da ke cika kantuna shi ne nan ba a tsinkowa. Jira ake ya nuna ya faɗo da kansa, wasu gonakin har raga suke shimfiɗawa ko su ɗaure 'ya'yan da igiya don kada su fashe a ƙasa. Shi ya sa ya fi ƙarfin wari da ɗanɗano, shi ya sa kuma ba ya jure kwana. Motocin gona da yamma suke isowa rumfar, kuma lokacin ya fi dacewa a je. Babbar kakarsa daga Yuni zuwa Agusta ce, da wata ƙarama wajen ƙarshen shekara. Wanda ya je a tsakani zai biya da yawa ya ci abin da bai kai ba.

Yanzu ga inda nake da magana. Da kilo ake sayarwa, kuma har da ɓawo da ƙwallo ake aunawa, alhali abin da zai shiga bakinka da wuya ya kai kashi ɗaya cikin uku. Wannan ba laifin rumfar ba ne, haka kasuwar take, amma babu mai gaya wa baƙo, sai an kawo takardar kuɗi ya ga Musang King guda ɗaya ya haura ringit 100. Tun da Sin ta buɗe ƙofa ga daskararren duriyan na Malesiya da ɓawonsa a 2019, ta kuma ƙara da ɗanye a 2024, masu rumfa suka samu abin faɗa duk lokacin da ka yi kukan tsada: wai mai kyau ya tafi Sin. Laifin da yake nasu shi ne yaran da ke taya Ankul. In ba ya nan, halin rumfar yakan canza. Wani daga cikinsu ya taɓa fasa mana babba alhali ƙarami na nuna, da na yi magana ya ce ai an riga an buɗe. Na biya, amma tun daga ranar idan ban hango dattijon ba sai in zaga in dawo. Wurin wanke hannu kuma famfo ɗaya ne ga jama'a duka, ƙasansa kullum a jiƙe, mai doguwar riga sai ta tattare. Daren Asabar da Lahadi kada ma ka fara: ba wurin ajiye mota, ba kujera, Ankul kansa ba ya samun sukunin ƙwanƙwasawa da saurarawa, miƙowa kawai yake. Babu wurin salla a rumfar, gara a yi Magariba kafin a iso.

Suna sayar da mangostin, mai baƙin ɓawo da farar tsoka mai tsami-tsami, wanda mutanen nan ke cewa yana kashe zafin da duriyan ke sa wa jiki, da ruwan kwakwa mai sanyi. Ka saya, bakinka zai buƙata. Suna da wata al'ada ta zuba ruwa a cikin ɓawon a sha a kuma wanke hannu da shi, wai yana ɗauke wari. Na yi, hannuna bai san an yi ba. Gyatsa kuwa har washegari tana tuna maka inda ka je, don haka ranar da za ka shiga taro ko sahu ka yi lissafi. Mai ciwon suga ya ci kaɗan, abin yana da zaƙi da maiƙo sosai, curi biyu ma yana tsaya wa mutum kamar ya ci tuwo.

A gefen teburin biya akwai abubuwa biyu da baƙi ke wucewa ba su kula ba. Ɗaya tempoyak ne a robobi, wato tsokar duriyan da aka sa wa gishiri aka rufe ta yi tsami, ana miyar kifi da ita. Garin Temerloh ya yi suna da wannan miya da kifin patin. Na saya na gwada da barkono da kifi, ta yi daɗi fiye da zatona, sai dai robar ta mallake firjin gaba ɗaya har madarar yara. Ɗayan kuma petai ne, dogayen kwanso kore a murɗe, an rataye su dami-dami. Gwaggo ce ta fara tsayawa a kansu, ta juya ɗaya a hannu ta ce wannan ɗorawa ce ba ta bushe ba. Kuma ta yi gaskiya, itatuwan biyu 'yan gida ɗaya ne, wanda masana ke kira Parkia. Mu muna jira ta bushe mu sha garin mu dafa kalwar mu yi daddawa, su kuwa ɗanyen ƙwayar suke soyawa da barkono da jatan lande. Tana da ɗan ɗaci da gardi, warinta kuma yana bin mutum har bayan gida. Dami biyu Gwaggo ta sa aka saya, ita da ta toshe hanci ɗazu.

In za ka tafi da duriyan gida, sukan ɓare su zuba a roba su nannaɗe da leda ninki-ninki ba tare da ƙarin kuɗi ba, kuma naɗin yana da kyau, amma direban tasi zai gane tun kafin ka rufe ƙofa, wani ya ɗauke ka wani ya ce ka sauka. Jirgin sama kuwa kada ka sa rai. Gwaggo ta wanke ƙwallaye huɗu ta ƙulle a gefen zane za ta shuka a bayan gida a Tudun Wada. Abban Walid ya yi mata bayani cewa ƙwallon yana mutuwa da zarar ya bushe, itacen ruwan sama yake so kusan duk shekara ba zai jure hunturunmu ba, kuma irin masu suna ɗin nan aure ake yi musu da reshe, wanda aka shuka daga ƙwallo ba lallai ya haifi irin uwarsa ba. Ta saurare shi har ya gama, ta ce shi dai ya yi karatunsa, shuka kuma a bar wa masu ita.