Hattara da masu tallan "kwafi ɗaya tilo" na tsoffin finafinan waƙa

Masu sha'awar tara tsoffin finafinai, a yi hattara. Akwai 'yan damfara a Facebook da WhatsApp da ke tallan naɗin tsoffin finafinan waƙe-waƙe na harsunan yankunan Indiya, irin waɗanda aka daɗe ba a ji ɗuriyarsu ba, suna rantsuwa cewa nasu ne kaɗai ya rage a duniya. Sai su turo hoton gwangwani mai tsatsa da ɗan guntun waƙa, su nemi kuɗin kafin alƙalami, wai wani mai saye yana jira. Kuɗi na shiga, lamba ta mutu. Wanda ya ɗan taki sa'a ya samu faifan DVD da aka kwafo daga YouTube.

Abin da ke ba ni takaici shi ne da gaskiya suke fakewa. Finafinai da yawa sun ɓace da gaske. Alam Ara na 1931, fim mai magana na farko a Indiya, har yau ba a san inda kwafinsa yake ba, haka ma Kalidas na harshen Tamil da ya fito a shekarar. Mai ƙaunar waɗannan waƙoƙi yana ganin tarihi zai ceto, shi ya sa hannunsa ke saurin kai wa aljihu.

Shi kuwa faifan gaske ba ya ɓuya. Kafin farkon shekarun 1950, naɗin silima mai faɗin milimita 35 da naitiret ake yin sa, abu mai kama wuta nan take, wanda ba a yarda a aika shi ta gidan waya kamar sauran kaya ba. Duk wanda ya ce zai sa maka irinsa a ambulan, ko bai san abin da yake riƙe da shi ba, ko ba ya riƙe da komai. Na asitet da ya biyo baya, idan ya fara lalacewa, tsami yake yi kamar binega, ya kuma takure.

Kada ka biya ko sisi sai ya kira ka ta bidiyo, ya warware naɗin a gaban haske, ka ga sunan fim ɗin a kan faifan da rubutun kamfanin da ya ƙera faifan a gefensa. Hoton da ya turo ma ka neme shi a Google, don sau da yawa daga shafin gwanjo aka sato shi. In ya fara kawo uzurin lalacewar kyamara, toshe shi, ka kai rahoton shafin.