draw.io wajen zana netwok da Active Directory: abin da ya iya da inda ya gaza

A yawancin ƙananan kamfanonin Umra da otel-otel da 'yan'uwanmu ke kula wa da kwamfutoci, tsarin kusan ɗaya ne: babban ofis a Jidda, reshe a Makka, wani a Madina. Amma yadda aka haɗa su yana cikin kan mutum ɗaya. Ranar da ya tafi hutu gida ko ya sauya kafili, wanda ya gaje shi sai ya koma bin waya ɗaya bayan ɗaya a ɗakin sabar. Maganin wannan matsala shi ne zane, kuma ga kamfani mai reshe uku ko huɗu, draw.io, manhajar zana tsare-tsare, ya wadatar.

Kyauta ne. Ana buɗe shi ta burauza, akwai kuma wanda ake sauke wa Windows, macOS da Linux, mai aiki ba tare da intanet ba. Na biyun nake ba da shawara a yi amfani da shi, domin zanen netwok yana ɗauke da adireshin IP da sunayen sabar, abin da bai kamata ya kwana a ma'ajiyar wani ba. Yana buɗe fayilolin .vsdx na Visio, manhajar zane ta Microsoft, don haka wanda ya gaji tsofaffin zane ba zai faro daga tushe ba, sai dai wasu siffofi sukan ɗan gurɓace, a gyara su da hannu.

Da an buɗe shi ba a ganin siffofin netwok. A danna More Shapes a ƙasan ɓangaren hagu, a zaɓi Network, Cisco19, Rack da Active Directory (tsarin Microsoft da ke riƙe asusun ma'aikata da kwamfutocin kamfani). Siffofin Rack suna da amfani sosai: akwai akwatin sabar mai lambobin U a gefe, a jera suwici da UPS kamar yadda suke a zahiri. U ma'aunin tsayin na'ura ne a cikin akwatin: kowane U inci 1.75 ne, wato milimita 44.45, saboda haka kafin a sayo sabar mai 2U ana iya ganin ko akwai wurinta.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne cusa komai a shafi guda. A raba shi uku a cikin fayil ɗaya. Shafi na farko na wayoyi: wane soket na suwici ya tafi ina. Na biyu na VLAN (raba netwok ɗaya zuwa sassa daban-daban) da adireshi: misali VLAN 10 na ma'aikata, 20 na kyamarori, 30 na Wi-Fi ɗin baƙi, kowanne da sabnet ɗinsa (rukunin adireshin IP nasa) da ƙofarsa ta fita (gateway). Na uku na Active Directory. A cikin kowane shafi akwai Layers, ana buɗe su da Ctrl+Shift+L, a ɓoye abin da ba a buƙata. Wajen jan layi kuma, a sauke shi kan ɗigon da ke gefen siffa ko kan siffar kanta har ta haskaka. Layin da aka sauke kusa da suwici kawai bai kama ba, da an matsar da suwicin zai bar shi a baya. Inda layuka suka gitta juna, a kunna Line jumps don kada a ɗauka haɗe suke.

Shafin Active Directory ne ke buƙatar natsuwa, a nan kuma zane yake biyan wahalarsa. A zana kowane reshe a matsayin Site, a rubuta sabnet ɗinsa a ciki, a sa Domain Controller ɗin da ke wurin, wato sabar da ke tantance masu shiga. A kan layin da ya haɗa Jidda da Madina a rubuta cost (lambar da ake zaɓar hanya da ita) da tazarar kwafin bayanai tsakanin sabar rassan. Idan ba a taɓa su ba, cost 100 ne, tazara kuwa minti 180, mafi ƙaranci 15. Wannan tazarar kaɗai takan warware rigima: an buɗe wa sabon ma'aikacin Hajji asusu a Jidda, ya kasa shiga a Madina, ana ta zargin layin intanet, alhali lokacin kwafi ne bai yi ba. Haka idan an manta ba a ɗaura sabnet ɗin Makka a kan Site ɗinsa ba, kwamfutocin can suna iya neman sabar mai nisa, shiga ya yi nauyi. A zane, akwatin da babu sabnet a ciki yana tona kansa nan take. Sannan a buga netdom query fsmo, a rubuta a kan kowace sabar wanne take riƙe da shi cikin muƙaman FSMO biyar, wato ayyuka na musamman da sabar ɗaya kaɗai ke riƙe kowannensu. Mai riƙe da PDC Emulator, ɗaya daga cikin muƙaman, a ba shi launi na daban, domin daga gare shi agogon sauran kwamfutocin ke daidaita, kuma Kerberos, tsarin tantance masu shiga, ba ya yarda da saɓanin da ya wuce minti 5.

Bishiyar OU (rukunan da ake shirya asusu da kwamfutoci a cikinsu a Active Directory) ba sai an zana ta da hannu ba. A fitar da jerin da umarnin PowerShell na Get-ADOrganizationalUnit, a ƙara ginshiƙin da ke nuna uban kowane OU, a liƙa a draw.io ta Arrange, Insert, Advanced, CSV, a sa layout ya zama verticaltree. A nan akwai tarkon da ya shafe mu a Saudiyya musamman. Sunayen sassa da yawa da Larabci suke, kuma Export-Csv na Windows PowerShell 5.1 yana rubutawa da ASCII idan ba a ce masa komai ba, sai sunayen su fito alamomin tambaya. A ƙara -Encoding UTF8. Haka ma ƙ, ɗ da ɓ suke lalacewa idan ba a ƙara shi ba. Idan Larabci ya haɗu da lambobi ya hargitse a cikin akwati, a gyara Writing Direction a shafin Text. Kada kuma a zana Users da Computers na asali kamar OU: ba OU ba ne, ba a ɗaura musu GPO (dokokin da ake saita wa asusu da kwamfutoci), kuma zanen da ya nuna akasin haka zai ɓatar da wanda ya zo daga baya.

Inda draw.io ya gaza a fili yake. Ba ya leƙa netwok ya gano na'urori da kansa, ba ya kuma sanin an cire waya jiya. Sai an shiga suwici an buga show lldp neighbors, ko show cdp neighbors a na Cisco, a kwafo da hannu. Mai na'urori ɗaruruwa yana buƙatar manhajar sa ido ta daban. Tsohon kayan aikin Microsoft na ADTD (Active Directory Topology Diagrammer) yana zana Active Directory kai-tsaye, amma sai da Visio, shi kuwa Visio na kuɗi ne.

Sai a kula da fitar da hoto. Wajen fitar da PNG akwai zaɓin Include a copy of my diagram, wanda ke cusa ainihin zanen a cikin hoton, har da abin da aka ɓoye. Kafin a tura wa ɗan kwangilar kyamara, a cire wannan alama, a kuma rubuta kwanan wata da sunan mai gyara a kusurwar kowane shafi.