Bargon kwarashi da dardumar ƙyallaye: abin dubawa kafin ki ba da kuɗinki a Jos

Da zarar Nuwamba ta kama, masu saƙa a Jos ba sa samun sukuni. Garin yana kan tudu, wajen mita 1,200 sama da teku, kuma a Disamba da Janairu sanyin asuba yakan sauko kusa da digiri 11. Siminti da tayil ba sa takuwa ba takalmi, kowa na neman abin rufa. A lokacin ne ake rububin ba da aikin bargo, a lokacin ne kuma aka fi sayen da-na-sani, domin mai saƙa tana sauri, mai saye tana sauri. Wadda ta san kan abin tun Agusta ko Satumba take ba da nata.

Gaskiya ɗaya tun da wuri: in ɗumi kawai kike nema da kuɗi kaɗan, bargon kamfani ya fi miki. Ki shiga shagunan da suka bazu a kewayen Taminus tun bayan gobarar babbar kasuwa a 2002, ko ki leƙa 'yan gwanjo a Katako ranar da aka fasa dila, za ki samu mai kauri a farashin da bai kai kuɗin zaren bargon hannu ba. Bargon kwarashi ana sayensa ne don wasu dalilai. Ke kike zaɓar girma da kala, yana gyaruwa in ya ɓule, kuma yana shiga kayan ɗakin amarya ko kayan barka a san an yi abin kirki. In kin yarda da wannan, sai mu shiga batun zare, domin nan ne rabin kuɗin da rabin rigimar suke.

A kasuwa kowane zaren saƙa sunansa ulu, amma akasarin abin da ke kan kanta zaren roba ne, wato akirilik. Ƙananan ƙullin zaren nan mai tambarin Yeye da ake saƙa hula da safar jarirai da su duk shi ne. Ba aibu ba ne. Yana da araha, ba ya nauyi, yana bushewa da wuri, asu ba ya cinsa, kalarsa ba ta cika zuba ba. Inda yake ba da kunya shi ne bayan wanki biyar ko shida, mai arahar cikinsa yakan tashi da ƙananan ƙurajen gashi, ya yi kaushi. Babbar illarsa kuwa wuta. Zaren roba narkewa yake yi ya manne a fata, mu kuma a hunturu ba mu rabuwa da kaskon gawayi. Gidan da tsohuwa ke lulluɓa ta zauna jin ɗumi, ko yara ke zagaye kurfoti da bargo a kafaɗa, a yi tunani sau biyu.

Zaren auduga ya fi daɗi a jiki, ba ya sa ƙaiƙayi, yana jure wanki. Sai dai yana da nauyi, ba ya riƙe ɗumi kamar na roba, in kuma ya jiƙe a watan Agusta na Jos sai ya kwana biyu a kan igiya bai bushe ba. Ni a ganina auduga ta dace da shawul ɗin jariri da mayafin kujera, ba bargon babban gado ba. Wanda yake son rufar auduga mai nauyi ya nemi luru ko gwado na masaƙan gargajiya, wannan aikinsu ne tun kaka da kakanni. Ulu na gaskiya, na gashin tumaki, shi ne sarkin ɗumi kuma ba ya saurin kama wuta, amma samunsa wuya, tsadarsa ta wuce misali, kuma wanki ɗaya da ruwan zafi ya isa ya ƙanƙance shi ya dunƙule. Akwai kuma zaren nan mai laushin karammiski, da yawansa daga Turkiyya ake shigo da shi, irin na kamfanonin Himalaya da Alize. A hoto babu kamarsa, shi ya sa ya cika shafukan masu talla a Instagram. A hannu kuwa santsi gare shi, in mai saƙar ba ta matse ba sai madaukai su riƙa zamewa suna fitowa, kuma in ya tsinke gashinsa zubewa yake yi ya bar siririn zare tsirara. Kada ki ba 'yar koyo aikinsa.

In ana miki rantsuwa cewa zare ulu ne tsantsa, ki nemi ɗan guntu ki sa masa ashana. Na roba zai narke ya bar baƙin ƙullutu mai tauri. Auduga za ta ci kamar takarda ta bar toka mai laushi. Na tumaki zai yi ƙauri irin na babbakar kai ranar layya, ya mutu da kansa, tokarsa ta murƙushe a yatsa.

Bayan zare sai irin saƙar. Wadda aka fi gani ita ce ta ƙananan murabba'ai masu kala-kala da ake saƙawa ɗai-ɗai sannan a haɗa. Tana da kyau, tana kuma ba mai saƙa damar cinye ragowar zarenta, amma cike take da huji, iska na ratsawa. A falo ado ce, a gado da asubar Janairu kuwa sai an ɗora ta bisa wani bargon. Rauninta yana wurin haɗi. Ki kama murabba'ai biyu ki ja a hankali: in kin ga zaren haɗin yana buɗe baki, daga nan zai fara rabuwa. Sannan ki juya bayan bargon. Mai aikin kirki tana cusa bakin kowane zare da allura ta bi da shi cikin saƙar, ta dawo da shi baya. Mai gaggawa ƙulli take yi ta datse da almakashi dab da ƙullin, wanki biyu ya kwance. Wannan dubawa ta minti ɗaya ta fi duk wani yabo da za a yi miki a waya.

Don ɗumi na gaske, saƙa mai layi-layi a matse ita ce magana. Ki ɗaga bargon ki kalli taga ta cikinsa, in hasken da ke ratsowa kaɗan ne, to zai tare sanyi. Ki shimfiɗa shi ƙasa ki duba gefuna, domin mai sabon hannu takan zubar da madauki a ƙarshen layi ba ta sani ba, sai bargon ya fito sama a tsuke ƙasa a faɗaɗe. Na jariri ma a matse ya kamata ya zama, saboda ƙananan yatsu na maƙalewa a huji, kuma a bar geza da tuntu da duwatsun ado, duk abin da yaro zai iya cisgewa ya kai baki.

Wasu za su kawo miki na inji su ce na hannu ne. Injin saƙa da ake yin rigunan sanyin 'yan makaranta da shi yana fitar da saƙa mai santsi, layuka a jere kamar harafin V, tana miƙewa sosai in an ja. Kwarashi kuwa yana barin ginshiƙai da ƙulle-ƙulle, ya fi kauri, ya fi cin zare, kuma inji bai iya yin irinsa sak ba. Na inji ba laifi ba ne, kawai kada ki biya kuɗin hannu a kansa.

Farashi yana canzawa kusan kowane wata, don haka ki yi ciniki da nauyi. Da matsakaicin zare da kwarashi mai milimita 4 zuwa 5, shawul ɗin jariri yakan ci wajen rabin kilo, na rufa a kujera kilo ɗaya da wani abu, na gado mai ƙafa 6 da 6 kuwa yana iya haura kilo 2 da rabi. Ki tambayi kuɗin ƙulli ɗaya da nauyinsa a kasuwa, ki lissafa, sauran shi ne ladan hannu. Babban bargo aikin makonni ne, in aka yi miki kuɗin da bai ma kai na zare ba, to an sa miki zare marar kyau ko an sassauta saƙar don ta yi saurin girma. Da yawa sun fi son su sayi zaren da kansu su kai. In haka za ki yi, ki saye shi gaba ɗaya rana ɗaya, ki duba lambar rini a jikin takardar, domin ja na wannan wata da ja na watan gobe ba lalle su zo ɗaya ba, kuma sai an gama bargon bambancin ke fitowa fili.

Dardumar ƙyallaye lissafinta daban. Kayan aikin kusan kyauta ne, ragowar yankan tela da tsofaffin zannuwa, kuɗin na wahala ne. Iri uku za ki tarar. Akwai wadda ake cusa gajerun ƙyallaye a jikin buhu su tashi buzu-buzu. Ita ce mafi araha, tana da taushi a ƙafa, amma ƙurar hunturu a cikinta take kwana, ƙyallayen kuma suna zarewa ɗai-ɗai. Ta bakin ƙofa ce, a kakkaɓe kullum. Akwai ta kitso, a kitsa dogayen ƙyallaye uku a naɗe a ɗinke, ƙarfinta yana ga ɗinkin. Sai ta kwarashi, wadda ake yanka yadi tsiri-tsiri mai faɗin santimita 2 zuwa 3 a saƙa da ƙaton kwarashi mai milimita 8 zuwa 12. Ita na fi so a gefen gado da ɗakin yara, tana da kauri, ana amfani da fuska biyu, tana wankuwa.

Ki tambayi da wane yadi aka yi. Tsofaffin riguna masu talewa, irin na shan iska da ake samu tuli a gwanjo, sun fi komai, ba sa zubar da zare a gefe. Atamfa tana ba da kala mai ɗaukar ido, amma gefenta na tsiyayar zare, mai arahar kuma tana zuba. Ki goga jiƙaƙƙen farin ƙyalle a kan jar ko shuɗiyar cikinta ki gani. Abin da ban yarda da shi ba shi ne gauraya, a haɗa leshi da shadda da yadin roba da auduga wuri ɗaya. Kowanne da yadda yake ƙanƙancewa a ruwa, bayan wankin farko dardumar ta karkace ba ta sake kwanciya daidai.

Mai zagaye kuwa kada ki saya a rataye ko a hoto, ki sa a shimfiɗa ta a ƙasa. In gefenta ya tashi sama, ba a ƙara madaukai yadda ya kamata ba. In ya yi tattara yana lanƙwashewa, an ƙara fiye da kima. Za a ce miki, "Hajiya, ai da an taka ta kwana biyu za ta kwanta." Ƙaramar tattara takan kwanta, babba ba ta kwanciya, kuma ita ce ke harɗe ƙafar tsoho da dare. A kan tayil kowace irinsu zamewa take yi, sai an sa mata shimfiɗar roba a ƙasa. Girma ma a yi hattara: wadda ta wuce mita ɗaya da rabi, in ta sha ruwa mutum ɗaya ba ya iya matse ta, da damina kuma fumfuna za ta riga rana isa gare ta. Ƙanana biyu sun fi babba ɗaya sauƙin sha'ani.

Wankin bargo da darduma duka da ruwan sanyi ne ko mai ɗan ɗumi, ba murɗawa, ba guga, a shanya a kwance bisa tabarma, domin in aka rataya jiƙaƙƙen bargon kwarashi nauyin ruwa zai ja shi ya yi tsawo ya tsuke. Ranar ba da aiki ku rubuta tsawo da faɗi da awon tela, ba "na babban gado" kawai ba, ki ƙara abin da zai zubo a gefen katifa. Kafin alƙalami ya tsaya a kuɗin zare, cikon sai aiki ya zo hannu. Ki roƙi Anti mai saƙa ta haɗo miki da ragowar ƙulli ɗaya na kowace kala, saboda ranar da ɓera ko ƙusar gado za su yi ɓarna.